Shirun Baba An-Ce

Baba An-Ce yana da doka guda a wurin aiki, kuma kowa a gidan rediyon ya san ta, har masu shara: ba ya duba takarda sai jar fitilar fara shiri ta kama. In furodusa, mai tsara masa shirin, ta miƙo masa labaran safe, sai ya kife su a kan tebur, ya danne da kofin shayinsa, ya shiga gyaran murya. Wai dariyar da aka riga aka yi a bayan fage kwantai ce, mai sauraro yana jin tsaminta tun daga gida. Shi so yake labari ya same shi daidai lokacin da ya sami mutanen gari, a yi mamaki tare, a tuntsire tare. Furodusar ta yi magana har bakinta ya gaji. Manaja ma ya taɓa kiransa ofis a kan haka, Baba An-Ce ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, tun furodusar nan taka ba ta iya ɗaura zane ba nake wannan aiki. Ka taɓa jin na yi tuntuɓe?" Manajan ya tuna masu tallan da ke layi a kan shirin, ya haɗiye sauran maganarsa.

Sunan shirin An Ce An Ce, daga nan ya samo laƙabin da ya cinye sunansa na gaskiya. Aikin bai wuce tsince-tsince ba. Duk abin da masu shafukan tsegumi suka wallafa a intanet a kan 'yan jarida da masu gabatar da shirye-shirye, furodusa za ta kwaso ta buga a takarda, shi kuma ya karanta yana barbaɗa masa gishiri. Ba a kama suna, wannan ita ce garkuwarsu. Sai dai a ce wata mai dogon wuya, ko wani mai farar mota, a bar wa mutanen gari aikin cike gurbi, su kuwa ba sa gajiya. In wani ya kawo ƙorafi, Baba An-Ce ya buɗe tafukan hannunsa ya ce, "Mu ba mu ce ba, an ce ne. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as."

Kada wani ya ce muku mugu ne, don ba mugu ba ne. Mutum ne da bakinsa ya ciyar da shi, ya gina masa gida, har ya kai ga ganin duk abin da bakin nan ya taɓa wasa ne. A gida kuwa ba shi da wata magana sai ta Auta.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta gado aikin jarida. Da ƙafarta ta shiga gidan talabijin ɗin da ke ƙetaren gada, ta kuma yi masa kashedi tun ranar farko cewa kada ya buga wa kowa waya a kanta. Ko sunansa ba ta liƙa a bayan nata ba. Ta yi shekaru tana ɗaukar ƙafar kyamara, tana tsayuwa a rana a ƙofar ma'aikatu, tana gyara rubutun waɗanda ba su kai ta ba su je su karanta a yaba musu. Sai kwanan nan aka ɗora ta a kujerar labaran yamma, ita ma ɗin gwaji ne, Daraktan tashar ya ce sai an ga kamun ludayinta. Tun daga nan, da yamma ta yi, Baba An-Ce zai ja kujera gaban akwati ya kafa dokar-ta-ɓaci a falo. Ko tari matarsa ta yi sai ya harare ta. In Auta ta gama, sai ya juyo ya ce, "Kin ji yadda take sauke numfashi a ƙarshen jimla? Wannan ba koyo ba ne, jini ne." Matar ta ce, "Jinin wa? Kai da ba ka sauke numfashi ko a barci."

Ranar da abin ya faru, safiya ce kamar kowace. Ya shiga situdiyo, ya sa abin kunne, ya ɗaga wa kyamarar da ke kan bango hannu, don yanzu rediyon ma kallonta ake yi kai tsaye a waya. Furodusa tana bayan gilashi. Fitila ta kama, ya yi sallama, ya janye kofi, ya juyo takarda. Labaran farko suka wuce da dariya, aka zo kan na shafin Gwaggon Gari, wanda ya fi kowane shafi kaifi.

"An ce," in ji shi, yana ja, "wata sabuwar fuska a akwatin talabijin, da aka ɗora a kujerar labarai ta tsallake yayyenta, ba da iya karatu ta hau ba. An ce akwai wata matakala ta baya da ke kaiwa ofishin babban mutum, kuma ita ta san ta da kyau." Ya ajiye takardar ya yi dariya har kujera tana ƙara. "Yaran yanzu ke nan, jama'a. Mu da gumi muka hau, su da turare. Kuma ku ji ni da kyau, irin waɗannan iyayensu sun sani. Uba yana gani ya kau da kai, don shi ma yana lasar romon."

Ya sake ɗauka. "An ce ana yawan ganin 'yar motarta koriya a bayan wani otal da rana tsaka. Motar ba ta ɓuya, fitilarta ta baya a fashe take, an liƙe ta da jan salatef..."

Motar Auta ce, shi ya fasa fitilar nan. Shi ya yi baya da tasa motar a ƙofar gida ya doke ta, shi kuma ya durƙusa ya liƙe ta da hannunsa, Auta tana tsaye tana yi masa tsiya wai tsufa ya zo.

A rediyo babu abin da ya kai shiru muni. Gara ka yi tari, gara ka yi atishawa a kunnen jama'a. Amma Baba An-Ce, wanda bai taɓa tuntuɓe ba, ya tsaya baki buɗe. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake duba layin. Furodusa tana ta juya hannu a bayan gilashi tana nuna masa ya ci gaba, shi kuwa bai ma san tana yi ba. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta sako tallar sabulu. Ta rufe shirun a rediyo, amma kyamarar bango ba ta san talla ba, tana nan a kan fuskarsa.

Kafin ya tsaya, labarin zai iya zama na kowa. Duk gidajen talabijin ɗin garin sun ɗauki sababbin 'yan mata a bana, kuma wa ke bin mota yana duba fitilar baya? Da ya yi dariya ya wuce, da kafin yamma an manta. Amma kafin ya kai gida an yanko wurin shirun, an sa masa kiɗan ban tausayi, an rubuta a sama: Me ya ɗaure bakin Baba An-Ce? Rediyo mai jini ta ɗauka. Wani ya tuna cewa ai yana da 'ya a ƙetaren gada. Wani kuma, Allah ya raba mu da marasa aikin yi, ya je har wurin ajiye motocin tashar talabijin ɗin ya ɗauko hoton fitilar.

Matarsa ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ajiye masa abinci ta koma kicin ta rufe ƙofa. Da la'asar Auta ta shigo, lokacin da ya kamata a ce tana gaban madubi ana shafa mata hoda. Ta gaishe shi kamar kullum, ta zauna a hannun kujera.

"Darakta ya ce in huta, Baba."

"Ya kore ki?"

"Bai kore ni ba. Ya ce in zauna a gida ƙura ta lafa. Ya ce muddin ba a kama sunana ba, ba a kama sunan tasha ba, manyan jaridu ba za su taɓa maganar ba, lauyoyinsu ba za su bari ba. In ta mutu a haka, kujerata tana nan."

"Amma ai ƙarya ce. Otal ɗin nan..."

"Taron likitoci aka yi a can, ni aka tura ɗauko rahoto. Kai ma ka kalla, har ka ce na yi sauri a ƙarshe. Amma ba gaskiya ko ƙarya ake bi ba, Baba, ka fi ni sani."

Ya sani kuwa. Shi da bakinsa ya sha gaya wa ƙananan ma'aikata cewa tsegumi jariri ne, in ba a shayar da shi ba, ba ya kwana da yawa. Ya ga waɗanda suka yi shiru suka tsira, ya ga waɗanda suka fito kare kai suka ƙara wa wuta fetur, ya kuma yi musu dariya a iska.

"Abu guda nake roƙonka," in ji Auta. "Tunda nake ban taɓa cewa ka yi min komai a aikin nan ba, yau ina roƙo. Kada ka ce komai. Ko an tsokane ka, ko an zage ni a gabanka, ka yi shiru kawai."

"Na yi miki alkawari."

"Baba."

"Na ce na yi alkawari, Auta."

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Da lokacin labarai ya yi, babu wanda ya kunna akwatin.

Washegari bayan shiri ya tafi wurin Gwaggon Gari. Mutanen gari suna zaton wata tsohuwa ce mai zaman taga. 'Yan cikin sana'a kuwa sun san Dogo ne, tsohon wakilin kotu na wata jarida da ta mutu ta bar ma'aikatanta a titi. Tun suna samari suka zauna benci ɗaya a kotu shi da Baba An-Ce, suna aron biro. Yanzu Dogo yana wani ɗan ɗaki a saman kantin magani, da tebur guda, da fanka mai kuka, da wayoyi a jere a jikin caja. Ya yi furfura, ya rame, ga kwalbar maganin olsa a gefen kwamfuta.

"Wallahi ban san taka ba ce," in ji Dogo, tun baƙon bai zauna ba.

"Wa ya kawo maka?"

"Saƙo ne ya shigo. Lambar ma yanzu a kashe take. Wata ce dai da aka tsallake, ko wani da ta ƙi kula shi. Su ne kullum."

"Ka bincika kafin ka sa?"

Dogo ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ka bincika kafin ka karanta?"

Fanka ta yi ta kukanta.

"To ka sauke shi."

"In sauke, a ce an saye ni ko an yi min barazana? Sai ya zama sabon labari, An-Ce, ka sani. Kuma nawa ma ba shi ke yawo ba, fuskarka ce ke yawo. Ni mota na ba su, kai ka ba su direba." Ya ga maganar ta yi nauyi, ya sassauta murya. "Na yi shekaru ina rubuta shari'o'i da gaskiya, babu mai karantawa. Yau in na ce an ga wane da wance, gari ya ɗauka. Ba mu muka halicci mutanen nan ba, ciyar da su kawai muke yi. Je ka ka yi shiru. Garin nan ba ya daɗewa wani bai yi abin kunya ba. In ya yi, ni zan hura shi har a manta da taka. Wannan kaɗai zan iya yi maka."

Baba An-Ce ya sauko ya kama hanya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da shi ne a kujerar Dogo, haka zai faɗa.

Ya nemi hutu, manaja ya hana. Hutu kuma, yanzu da masu kallo suka ninka? Manajan ya dafa kafaɗarsa ya ce ai gudu shi zai tabbatar da magana, kuma layin waya ba za a rufe ba, da shi aka yi yarjejeniya da masu talla.

Haka ya ci gaba da shiga. Yanzu kam yana duba takarda tun a tsaye, ihu bayan hari. Yana karanta na wasu, dariyar tana fita a bushe. Masu bugo waya kuwa, mutanen da ya yi shekaru yana ba su nishaɗi, sai suka koyi wani irin ladabi na mugunta. Wannan ya ce, "Baba, ya jiki? Mun ji ranar nan murya ta ɗauke." Wancan ya ce, "Baba, ina ake samun jan salatef mai kyau?" Ya yi dariyar yaƙe, ya ce mai kira na gaba. A ba shi haƙƙinsa, ya danne fiye da yadda kowa ya zata.

Kuma abin ya fara lafawa. Wani mai sharhin ƙwallo ya mari abokin aikinsa a gaban kyamara, Dogo ya cika alkawari ya hura wutar da duk ƙarfinsa. Auta ta fara fitowa falo. Wata safiya ma ya ji ta a bayan ƙofa tana karanta jarida da ƙarfi, tana gwada murya. Ta ce masa sakatariyar Darakta ta kira, ta ce ta zama cikin shiri, wataƙila farkon mako.

Ana cikin haka wani ya bugo. Muryar dattijo ce, a natse, ba irin ta masu tsokana ba. Ya gaishe shi da mutunci, ya ce tambaya guda gare shi.

"Ranar nan ka ce irin waɗannan yaran iyayensu sun sani, uba yana gani ya kau da kai. Ni ba na zargin kowa. Amma tunda ka yi shiru har yau, mu a majalisarmu mun ɗauka ka sani ɗin ne. Ko ba haka ba?"

Furodusa ta kai hannu za ta katse layin. Baba An-Ce ya ɗaga mata tafin hannu.

Da zagi mutumin ya yi, da ya haɗiye. Amma sai ya ga majalisar nan a idonsa, dattawa a kan benci suna gyaɗa kai, sun gama yanke hukunci cewa ya sayar da 'yarsa. Ransa ya ɓaci. A ransa ya ce ai ba don kansa zai yi ba, don Auta ne, wane irin uba ne za a yi ta jifan 'yarsa yana kallo? Ƙarya yake yi wa kansa, rabi don kansa ne, amma a lokacin bai tsaya rabewa ba.

Ya ja makirufo. Ya yi magana irin wadda bai taɓa yi ba tunda ya fara aiki. Ya faɗi sunanta cikakke, ya ɗora nasa a baya, ya ce 'yarsa ce ta cikinsa kuma yana alfahari da ita. Ya faɗi tashar. Ya kawo taron likitoci, ya kawo shekarun da ta yi a rana, ya ce Daraktan mutumin kirki ne mai iyali, bai taɓa kallon 'yarsa da wata manufa ba. Ya rantse, muryarsa ta karye, hawaye suka zubo a gaban kyamarar bango, bai share ba. Furodusa ta zauna ta dafe kai da hannu biyu.

Da ya fito, wallahi sakayau ya ji kansa. 'Yan ofis suka yi masa tafi a baranda, wata har da share ido. Manaja ya rungume shi ya ce bai taɓa ganin kallo irin na yau ba. Furodusa ce kaɗai ta wuce shi ko kallonsa ba ta yi ba. Mutumin da ya tsufa yana dariyar masu kare kai, ya nufi mota yana ganin nasa daban ne, don nasa gaskiya ce.

Bai kai ga tayar da motar ba waya ta fara ƙara. Manyan jaridun da lauyoyi suka ɗaure wa hannu, yanzu an kwance su. Ba su ce ta yi ba, Allah ya kiyaye, su masu mutunci ne. Cewa suka yi fitaccen mai gabatar da shiri ya musanta cewa 'yarsa, wance, tana da alaƙa da Daraktan tasha kaza. Ga hotonta, ga hoton Darakta, an jera su kafaɗa da kafaɗa, mutanen da ko a lif ba su taɓa tsayuwa kusa haka ba. Wanda bai taɓa jin maganar ba, yau ya ji ta daga bakin uban yarinya. Dogo ya turo saƙo: An-Ce, me ka yi? Ba a jima ba shi ma ya sa a shafinsa, don in bai sa ba wasu sun sa.

Ya zauna riƙe da sitiyari har rana ta gasa motar. Can Auta ta kira.

"An kira ni tasha, Baba. Ka zo ka ɗauke ni ta ƙofar baya. Ba zan iya fita da motata ba, suna nan a bakin get da wayoyinsu."

Ya same ta a tsaye kusa da janareta, da kwali a hannu. A ciki akwai rigunan aikinta a ninke, da takalmi, da kofin da take shan ruwan ɗumi da shi kafin ta shiga karatu. Ba ta yi kuka ba, ko ta yi ta gama. Ta buɗe ƙofar baya da kanta ta ajiye kwalin.

"Bari in hau in ga Daraktan," in ji shi. "Zan ce masa laifina ne, in ya so in fito a iska in..."

"Baba, ya isa."

"Ko wata tashar. Ina da mutane, Auta, ko'ina ina da..."

"Bai ma yarda ya gan ni ba. Matarsa ta zo ofis ɗazu, masu tashar sun kira shi. Sakatariya ya aiko, ta ce in ji shi, fuskar da ta zama labari ba ta karanta labari." Ta shiga ta ja bel. "Kuma gaskiya ya faɗa. Ko wace tasha na je, in na buɗe baki na ce ga labaran duniya, mai kallo otal zai gani. Mu tafi."

Suka hau gada. Cunkoso ne, motoci suna tafiya da ƙyar. A motar da ke gefe wata mata ta leƙo, ta taɓa mijinta, ta ɗaga waya. Auta ta juya fuska.

"Ki yafe min," in ji shi. "Na karya alkawari. Mutumin nan ne ya..."

"Na ji shirin. Na san za ka yi, Baba, tun ranar da na roƙe ka. Na dai roƙa ne." Layin motoci ya ɗan matsa. "Wannan na yafe. Halinka ne, da shi na tashi. Ba shi ke damuna ba."

"To mene ne?"

"Bidiyon farko. Na kalle shi ban san iyaka ba, na kashe sautin ina kallon fuskarka kawai. Na san fuskarka in an yi maka ƙarya, na san yadda kake ɗaga gira. Ba ita na gani ba." Ta juyo ta dube shi, karo na farko tunda ta shiga motar. "Da ka zo wurin fitilar nan, ka yarda, ko? Ko na ɗan lokaci. Ka ce a ranka, ashe haka ta sami kujerar."

Gaskiyar ita ce ya yarda. Ba da daɗewa ba, amma ya yarda. A cikin shirun nan, kafin tausayi, kafin tsoro, abin da ya fara zo masa shi ne saurin da aka yi aka ɗora ta, da kashedin kada ya kira kowa, da yammacin da take dawowa a makare. Shekarun da ya yi yana karanta irin wannan a kan 'ya'yan mutane sun koya wa kansa hanya guda, da aka zo kan tasa kuma, kansa bai canza hanya ba. Bai gaya wa kowa ba, ko shi kansa bai yarda ya sake leƙa wurin ba.

"Haba Auta," in ji shi. Muryar ta fito da kauri, a daidaice, kowane harafi a wurinsa. "Ni? Wallahi ko da ƙiftawar ido ban taɓa..."

"Muryar aiki ce wannan, Baba. Na san ta."

Ta mayar da fuskarta taga. Da suka sauka daga gada ta ce ya bi hagu, gidan yayarta za ta, ta riga ta gaya wa mamanta. Ya bi hagun. A ƙofar gidan ya yi sauri ya zagayo don ya ɗaukar mata kwalin, ya tarar ta riga ta rungume shi. Ta ce ya gaida gida, kamar yadda ake ce wa wanda ya rage wa mutum hanya, ta tura get da ƙafa ta shiga. Ya tsaya a wurin yana jiran ko za ta waiwayo, har mai gadi ya zo ya ce masa, "Baba An-Ce, don Allah a ɗan gyara fakin, an tare hanya."